Yadda Ake Ƙara wa Jita Mai Kwano Murya a Dandamali

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan da kuke gani jita ce, amma ku dubi cikinta da kyau. Inda sauran jitoci suke da rami zagayayye, ita murfin ƙarfe gare ta mai huji-huji. Idan aka kwance kusoshi aka ɗaga murfin, za a tarar da kwanon alminiyam, marar kauri ainun, wanda ko yatsa zai iya lotsa shi. Tsirkiyoyi suna bi ta kan jaki, wato ɗan abin da ke tokare su, jakin kuma yana isar da kaɗawarsu ga kwanon. Da an taɓa tsirkiya sai kwanon ya yi rawa ya tura iska waje, kamar dai yadda fatar gurmi take yi idan aka kaɗa shi. Duk wannan amon mai ƙarfe-ƙarfe, mai ɗan hanci, da ake son jitar saboda shi, daga kwanon nan yake fitowa. Ku riƙe wannan, domin duk shawarar da za mu yanke a gaba a kansa ta rataya.

A birnin Los Anjelas na Amurka aka fara ƙera irinta. A shekarun 1920 makaɗan jita suna fama, ƙahonni da ganguna sun danne su, ba a jin su a zauren rawa. Wani makaɗi, George Beauchamp, ya kai kukansa wurin John Dopyera, maƙerin kayan kiɗa haifaffen Sulobakiya. A 1927 kamfaninsu na National ya fito da jita mai ƙananan kwanoni uku, kowanne inci 6, da wani ƙarfe da ya haɗa kawunansu. Ba a jima ba Dopyera ya bar kamfanin, shi da 'yan'uwansa suka kafa Dobro da nasu salon.

Daga nan aka sami iri uku, kuma wajibi ne ka san wacce ke hannunka kafin ka sayi komai. Ban da mai kwano uku, akwai mai kwano ɗaya a kife, inci 9 da rabi, da ɗan faifan katako a ƙoƙuwarsa, wanda ake kira biskit. Sautinta gajere ne mai duka, irin wanda makaɗan bulus, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, kamar Son House da Bukka White suka shahara da shi. Sai mai gizo: kwanonta inci 10 da rabi, bakinsa na kallon sama, da wani ƙarfe mai ƙafa takwas kamar gizo-gizo, wanda ake kira gizo, da ya dafe gefensa. Wannan akasari kwantar da ita ake yi, fuskarta sama, ana goga sandar ƙarfe a kan tsirkiyoyi. Josh Graves ya shigar da ita kiɗan bulugiras, wani salon kiɗan karkarar Amurka, lokacin da ya shiga ƙungiyar Flatt da Scruggs a 1955, yau kuma Jerry Douglas ne sunan da aka fi ji.

To, an yi ta ne don ta yi ƙara ba tare da lantarki ba, kuma a ɗaki tana yi. Amma a dandamalin yau, ga ganguna, ga jitar bes, ga manyan lasifikoki, dole ita ma a ƙara mata murya. A nan gizo ke saƙar: kwanon da yake tura sauti waje, shi ne kuma yake karɓar sauti daga waje. Lasifika ta yi ƙara, kwano ya kaɗa, makirufo ya ɗauka ya mayar wa lasifika, ita kuma ta sake ƙarawa. Cikin ƙiftawar ido sai ƙugin nan mai huda kunne ya tashi, jama'a su toshe kunnuwa suna hararar mai sauti.

Mu fara da makirufo, domin a ganina babu abin da ya kai shi faɗar gaskiyar wannan jitar. Yana jin kwanon, yana jin gangar jikin, yana jin iskar da ke tsakani. Ba sai mai tsada ba. Shure SM57, wanda ake ƙerawa tun 1965, ya isa aiki. Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda aka ajiye shi. Ku saurara: na sa shi daidai tsakiyar murfin. Kun ji kaifi? Kun ji ƙas-ƙas ɗin faratan ƙarfe da ke yatsun makaɗi? Yanzu na matsar da shi wajen ramukan da ke kusa da wuyan jitar. Sautin ya yi kauri, ya yi ɗumi, saboda ta nan ne iskar bayan kwanon take fita. Wurin da ya fi daɗi galibi yana tsakanin biyun: kamar taƙi ɗaya daga jitar, a ɗan karkace, yana kallon gefen murfin ta ɓangaren wuya, inda hannun makaɗi ba zai tare shi ba. Idan ka kusanta shi da yawa, irin wannan makirufon yana kumbura ƙasan sauti har ya zama gum-gum.

Wani irin makirufo da ake kira kondensa ya fi kama ƙananan abubuwa, sai dai yana buƙatar wutar bolt 48 daga mikisa, na'urar haɗa sauti, kuma ya fi saurin ƙugi. Makaɗan bulugiras suna da wata al'ada mai kyau: idan lokacin makaɗi ya zo sai ya matso jikin makirufo, idan ya gama ya ja da baya, ƙafarsa ce ke daidaita ƙarar. Wanda ba ya iya tsayawa wuri ɗaya kuwa, akwai ƙaramin makirufo mai maƙalewa a jikin jita.

Abu biyu ke rage ƙugi kafin a kashe ko kwabo. Na farko, lasifikar ƙasa da makaɗi yake jin kansa da ita, wato monita, a ajiye ta a bayan makirufo, domin irin SM57 ta keyarsa ne ba ya ji sosai. Na biyu, a yanke ƙasan sauti a mikisa. Jitar gizo a ɗaurin da aka saba yi mata, tsirkiyarta mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 98 a daƙiƙa, saboda haka duk abin da ke ƙasa da 80 ba nata ba ne, girgizar dandamali ce da rugugin bes. Idan kuwa ɗaurin bulus ne da aka sassauta babbar tsirkiya ta sauka zuwa 73, sai a yanke daga 70, kada a tafi da gindin sautin.

Amma akwai ranar da makirufo zai gaza, komai iyawar mai sauti. Idan mai ganga yana zaune a bayanka, makirufonka gangar zai fi ji. Ranar nan ce ranar maɗaukin sauti na jikin jita, wanda makaɗa ke kira fikof.

Mai maganaɗisu shi ne mafi sauƙi. Akwai sirara, irin na kamfanin Lace, da ake mannawa ƙarƙashin tsirkiyoyi ba tare da an huda jita ba. Yana jure ƙara sosai. Sai dai a faɗi gaskiya, tsirkiya kaɗai yake ji, bai san da zaman kwano ba. Abin da zai fito daga lasifika ya fi kusa da jitar lantarki. Ga mai kaɗa bulus da wuyan kwalba a yatsa yana goga tsirkiyoyi, a cikin ƙungiya mai ƙara, wannan ba aibi ba ne, wasu ma shi suke nema. A lura da tsirkiya: naɗin tagulla ba ya amsa wa maganaɗisu, sai zaren ƙarfen da ke cikinsa, don haka siraran tsirkiyoyi za su danne masu kauri. Masu naɗin nikel ne maganin wannan.

Na biyu shi ne fiyezo, ɗan ƙaramin abu da ke mayar da girgiza ta zama lantarki. Ana sa shi a biskit, ko a jakin da ke kan gizo. Shi ya fi kusa da kwano, don haka ya fi kama ainihin amon. Amma yana da sharaɗi, kuma a nan mutane da yawa suke yanke masa hukunci ba da laifinsa ba. Idan aka soka wayarsa kai tsaye a mikisa, sauti zai fito a ƙanjame, ba nama, sai kaifi. Dalili, fiyezo yana son mashiga mai turjiya babba, megom 1 ko fiye, mikisa kuma ba ta da ita. A sa masa ƙaramin akwatin firi'am, mai ƙarfafa siginarsa, a tsakani, ku ji bambanci. Kamfanin Fishman ma, tare da Jerry Douglas, ya yi wani akwati na takawa da ƙafa cikin jerin Aura, wanda ke gyara sautin fiyezo ya yi kama da wanda aka ɗauka da makirufo a situdiyo.

Ina roƙonku, kada a liƙa wa kwano abu mai nauyi, kada kuma a matse kusar tsakiyar gizo fiye da kima. Kwanon nan rashin nauyinsa ne ƙarfinsa. Da an ɗora masa kaya sai muryarsa ta dushe, kuma babu amfilifayar da za ta dawo da ita. Aikin sa fiyezo a bar wa mai gyaran jita.

Idan da hali, haɗa biyun ya fi: fikof a layi ɗaya, makirufo a wani. Fikof kaɗai za a tura wa monita, don makaɗi ya ji kansa ba ƙugi. Lasifikokin jama'a kuma a ba su makirufo da yawa, fikof kaɗan. Idan an haɗa sai sauti ya rame maimakon ya cika, to biyun suna soke juna ne. Akwai maɓallin juya fuskar sigina a yawancin mikisoshi da akwatunan firi'am. A danna shi a layi ɗaya kawai, a bar shi a inda sauti ya fi kauri.

Sai maganar wuta, wadda ba ta wasa ba ce. Da yawa daga cikin jitocin nan gangar jikinsu gaba ɗaya ƙarfe ce, kuma idan an sa musu fikof galibi ana haɗa ƙarfen da wayar ƙasa ta amfilifaya. Makaɗi yana rungume da ita, leɓensa kuma na taɓa makirufon waƙa. Idan wayar ƙasa ta lalace a ɗaya daga cikin na'urorin, ta jikinsa wutar za ta bi. Don haka kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi wai don a kashe gunjin amfilifaya; akwatin DI, wanda ake sa wa tsakanin jita da mikisa, yana da maɓallin da ke kashe gunjin ta layin sauti ba tare da an taɓa wayar wuta ba. A wurin taron da ake aiki da janareta kuwa, a nemi mai gyaran wuta ya tabbatar da wayar ƙasa, kuma amfilifaya da mikisa su sha daga layi ɗaya, tun kafin makaɗi ya rataya jitarsa.