Irin masarar gargajiya: yadda ake riƙe shi kada ya lalace

Laccar da aka gabatar ga 'yan kasuwar hatsi a Agege, Legas

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan uwana, yawancinku kuna nan Legas amma gonakinku na gida, kuma ku kuke aika kuɗin iri da taki duk damina. Shi ya sa maganar nan taku ce.

Masara baƙuwa ce a wurinmu. Asalinta Meziko, kuma ta iso gaɓar Afirka ta Yamma wajen ƙarni na 16. Tun daga nan manoma ke zaɓe, har kowane yanki ya samu irin da ya san ƙasarsa: mai nuna da wuri, mai jure fari, mai rufaffen ɓawo da ke hana ƙwari shiga. Idan kowa ya koma iri guda, cuta guda ta isa ta kwashe gonaki. Ya faru a Amurka a 1970, inda cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin ɗari na masararsu, saboda mafi yawanta tushe ɗaya ne.

To, ina matsalar take? Masara ba kamar wake ba ce, wanda furensa ke yi wa kansa barbara. Iska ke kwasar ƙurar furen da ke saman kara ta zuba a gemun wata masarar. Kowane zaren gemu, ƙwaya ɗaya ce. Don haka in maƙwabcinka ya shuka ja, kai ka shuka fara, za ka ga jajayen ƙwayoyi a goyonka. Maganin, a bar tazarar aƙalla mita 200, ko a rarraba lokacin shuka da mako uku zuwa huɗu don kada su yi fure tare. Irin kuma a ɗebe shi daga tsakiyar gona, ba gefe ba.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne a zaɓi manyan goyo biyar ko goma a ce an samu iri. Wannan auren zumunci ne ake ta maimaitawa. Bayan 'yan shekaru kara ya gajarce, goyo ya ƙanƙance, sai a ce irin kakanni ya gaji. Bai gaji ba, mu muka ƙuntata shi. A ɗiba daga tsirrai ɗari, in da hali ɗari biyu, kuma tun suna tsaye a gona, inda ake ganin wanda ya tsira daga wuta-wuta da tsutsa.

A shanya har ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori, danshinta wajen kashi 12. A zuba a buhun PICS, wato buhun ajiya mai ledoji a ciki da ke hana iska shiga, ko jarkar da iska ba ta shiga. Kada a ajiye shi nan Legas, laimar garin nan na kashe iri da sauri. Kafin damina a jiƙa ƙwaya ɗari a tsumma. In waɗanda suka tsiro cikin mako guda ba su kai 85 ba, a ƙara yawan shuka, a sabunta irin a bana.

Ingantaccen irin masara na SAMMAZ, na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, yana da amfani, a shuka shi. Amma a ware wa na gida kadadarsa. Wanda kuma ke da tsohon iri a ƙauyensu, kuma yana son a adana shi, rumbunan adana iri na IITA (cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa) da NACGRAB (cibiyar adana iri ta gwamnatin tarayya) suna nan Ibadan, kusa da mu.