Amsoshin Tambayoyinku: An Haɗe Bankinmu da Wani, Mun Koma Baƙi a Wurin Aikinmu

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun yau duk na ma'aikatan banki ne, kuma kowannensu ya roƙi a sakaya sunansa. Muna tare da wata Hajiya da ta daɗe tana aikin kula da ma'aikata. Hajiya, barka da zuwa.

Hajiya: Barka kadai, Malam.

Mai gabatarwa: Ta farko daga Kano take. Ya ce ranar da aka haɗe bankinsu da wani, an tara su an ce yanzu kowa ɗaya ne. Amma manajojin da aka naɗa duk mutanen wancan bankin ne, an sauya tsarin matakan aiki har wanda yake ƙasa da shi ya hau kansa, kuma har yau ana kiran su da sunan tsohon bankinsu. Yana tambaya, haka ake yi ko'ina, ko su aka raina?

Hajiya: Wannan bawan Allah ya zama agola, uwarsa ta yi sabon aure ta tafi da shi gidan wani. A takarda kam an ce haɗewa aka yi, amma kusan kullum akwai wanda ya saye da wanda aka saye, kuma wanda ya kawo kuɗi shi ke zuwa da mutanensa da tsarin kwamfutarsa da yadda yake auna ƙwazo. Ba a Najeriya kaɗai ba. A 1998 kamfanin motoci na Jamus, Daimler-Benz, ya haɗe da Chrysler na Amurka, aka yi ta shelar cewa tsara ne da tsara. A shekarar 2000 shugaban kamfanin, Jürgen Schrempp, ya faɗa wa jarida cewa tun farko niyyarsa ita ce Chrysler ta zama reshe kawai. Manyan ma'aikatan Amurka da dama sun kama gabansu, zuwa 2007 aka raba gari.

Mai gabatarwa: Mu ma ai mun taɓa gani a nan gida.

Hajiya: Ƙwarai. A 2004 Charles Soludo, yana gwamnan Babban Bankin Najeriya, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25. Bankuna 89 suka koma 25. Bankin Unity kaɗai bankuna tara ne suka haɗu suka zama shi a 2006, har da Bank of the North mai hedikwata a Kano. Ka ƙiyasta, tsarin albashi tara, matakan ƙarin girma tara, kowa da yadda ya saba gaida maigidansa. A 2024 kuma aka sake ɗaga jarin: biliyan 500 ga masu hulɗa da ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa, biliyan 50 ga na shiyya. Saboda haka irin wannan wasiƙa ba za ta yanke muku nan kusa ba.

Ni a ganina, abin da ya fi ci wa ma'aikata rai shi ne shirun shugabanni. Ana sa hannu a Legas, lauyoyi da masu hannun jari sun san komai, mai karɓar kuɗi a kanta kuwa sai dai ya ji daga bakin direba ko a WhatsApp. Shawarata gare shi, ya raba kukansa biyu. Kiran sa da sunan tsohon banki, wannan haƙuri ne maganinsa. Sauke shi daga matakinsa kuwa magana ce ta takarda. Ya ɗauko takardar ɗaukarsa aiki da ta ƙarin girmansa ta ƙarshe, ya rubuta wa sashen kula da ma'aikata yana neman a nuna masa a rubuce yadda aka daidaita matakinsa da na sabon tsarin. Ya riƙe kwafi.

Mai gabatarwa: Ta biyu wata baiwar Allah ce daga Kaduna. Ta ce reshensu da na wancan bankin suna kallon juna a titi ɗaya, ana raɗe-raɗin za a rufe ɗaya, kuma manajanta ya fara ba ta shawarar ta ajiye aiki da kanta cikin mutunci. Me za ta yi?

Hajiya: Kada ta rubuta takardar ajiye aiki don wani ya lallaɓe ta. Wanda ya ajiye da kansa sau da yawa ya yafe kuɗin sallamar da ake ba wanda aka rage. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce idan za a rage ma'aikata sai an sanar da ƙungiyarsu dalili, a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita, tare da duba ƙwarewa, sannan a tattauna kuɗin sallama. Sai dai ta lura, dokar ba ta rufe masu manyan muƙamai da ƙwararru ba. Su yarjejeniyar aikinsu ce madogararsu. Ta tuntuɓi ƙungiyar ma'aikatan banki, ASSBIFI ta manyan ma'aikata ko NUBIFIE ta ƙanana. In abin ya ƙi, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa (National Industrial Court). Fanshonta kuma yana asusunta ne da sunanta, haɗewar banki ba ta taɓa shi. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki damar cire kashi 25 cikin ɗari idan ya yi wata huɗu bai samu wani ba.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga ɗaya ɓangaren ta fito. Manaja ne da aka turo Jos ya riƙe reshen bankin da aka saye. Ya ce in ya shigo sai a yi tsit, in ya ba da umarni a ce to, aiki kuma ba ya tafiya.

Hajiya: (dariya) To ga maigidan agolan nan ya rubuto. Ranka ya daɗe, tsoronka suke ji, sun ɗauka da jerin sunayen waɗanda za a kora ka zo. Ka tara su ka faɗi abin da aka yanke da abin da ba a yanke ba tukuna, ko da babu daɗi. Ka daina cewa "a wajenmu ga yadda muke yi". Kuma ka nemi tsofaffin ma'aikatan reshen su zagaya da kai wajen manyan abokan cinikinsu, domin ɗan kasuwan da ya ajiye kuɗinsa a nan shekara da shekaru mutum ya sani, ba banki ba, kuma in mutumin ya koma wani banki, da asusun zai tafi.

Mai gabatarwa: Hajiya, mun gode, lokaci ya ƙure mana. Masu sauraro, a ci gaba da aiko da tambayoyi, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.