Harsunan ƙirƙira a wasan labari na kan tebur: laccar da aka gabatar a Zinder

Assalamu alaikum jama'a. Harsuna uku zan kawo muku, waɗanda aka fi jin sunansu a wasan nan da matasa ke zama kewaye da tebur, jagora yana ba da labari, kowa yana riƙe da jaruminsa, ana jefa ɗan ludo domin a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu. Mafi shahara a irin wannan wasa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974.

Na farko sunansa Common, harshen kowa da kowa, kuma babu wanda ya kai shi aiki, domin duk harshen da ƴan wasa ke yi a bakin tebur shi ne ake ɗauka Common. Idan a nan Damagaram kuka zauna, Hausarku ce. Na biyu harshen Elf ne, halittun nan masu tsinin kunne da tsawon rai, wanda ya samu farin jini albarkacin Tolkien, marubuci kuma malamin jami'ar Oxford da ya gina wa Elf harsunan Quenya da Sindarin da nahawunsu. Akwai na wadanni, akwai Draconic, harshen dodannin nan da ake kira dragon, da masu tsafi ke so.

Amma ku ba ni hankalinku, na bayan nan kuna jina? Wanda na fi ƙauna shi ne Thieves' Cant, maganar ɓarayi. Duk wanda ya yi zaurance yana yaro ya san daɗinsa: kana magana a gaban mutane, ɗan uwanka kaɗai ke ganewa. A littafin dokoki na 2014 an rubuta cewa isar da saƙo ta wannan hanya yana cin lokaci ninki huɗu na magana a fili. Ninki huɗu, jama'a! Ku duba yadda jagora ke yi: ya rubuta ƴar takarda, ya naɗe, ya miƙa wa mai jarumin ɓarawo, sauran suna kallonsa yana karantawa, ba su san ko an sayar da su ba. Wannan zaman ɗar-ɗar shi ne amfanin harshe a wasan, ya raba wanda ya ji da wanda bai ji ba. Ya raba su, na ce. Akwai kuma harsunan dodannin Goblin da Orc, ana zaɓensu domin satar jin abokan gaba.

(Wani ɗalibi ya tambaya: Malam, sai mun haddace kalmominsu kafin mu yi wasa?)

A'a, ɗana. Yawancinsu suna ne a takardar jarumi, jagora yana cewa kawai an yi maganar da harshe kaza, kai ka gane, wancan bai gane ba. Idan kuna son rubutun da zai ba ƴan wasa aiki, ku nemi abokinku Buzu ya rubuta muku saƙon da Tifinagh, rubutun Buzaye, ku ajiye a tebur, wanda jaruminsa ya iya harshen ku raɗa masa ma'anar a kunne.