Idan Tsohon Wurin Aikinka Ya Yi Maka Sharri

Assalamu alaikum. Jama'a, bari mu fara da wani mutum da kusan kowa a nan ya taɓa haɗuwa da irinsa. Ya je intabiyu, an yi ta gyaɗa masa kai, har an tambaye shi yaushe zai iya kama aiki. Bayan mako guda sai shiru. Haka ta faru har sau uku. Abin da bai sani ba shi ne, duk lokacin da aka kira tsohon wurin aikinsa, akwai mai cewa, "Ai wannan yana da ɗan hali." Alhali ko allura bai taɓa ɗauka ba.

Abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ƙarar ɓata suna, kuma hanya ce. Sai dai tana da ƙaya. A ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, mai ba da shaida kan tsohon ma'aikaci yana da kariya, don doka tana so a riƙa faɗin gaskiya ba tsoro. Ba za ka rushe kariyar nan ba sai ka nuna mugun nufi, wato ya san ƙarya yake yi, ko kuma bai damu ko gaskiya ce ko ƙarya ba. To, ta yaya za ka shiga zuciyar mutum?

Nan ne shari'ar Spring da kamfanin inshora na Guardian Assurance ta zama abin tunawa. An rubuta wa wannan mutumin, Spring, takardar shaidar aiki da ta nuna shi marar amana, kasuwar aikinsa ta mutu. Bai iya tabbatar da mugun nufi ba. Amma a 1994 kotu mafi girma a Birtaniya ta ce wanda ya yarda zai rubuta shaida, wajibi ne ya bincika kafin ya sa hannu, idan ya yi sakaci kuma ya biya diyya. A ganina wannan hukunci ya yi adalci ƙwarai, don yawancin masu cutar da mutane ta wannan hanya jita-jitar ofis kawai suke kwashewa su zuba a takarda.

Akwai kuma ramuwar gayya. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1997, a shari'ar Robinson da kamfanin Shell, cewa dokar hana nuna bambanci tana kare har wanda ya riga ya bar aiki, idan an ɓata shi saboda ya taɓa kai ƙara.

Duk waɗannan ba su da amfani idan babu hujja a hannu. Ka roƙi wurin da suka ƙi ɗaukarka su faɗa maka dalili a rubuce. Ka adana takardun yabo da na ƙarin girma da saƙonnin imel. Ka rubuta rana da sunan duk wanda ka yi magana da shi. Sau da yawa wasiƙa ɗaya daga lauya, mai neman a janye maganar a gyara, tana kashe wutar ba a je kotu ba.

Kuma don Allah kada ka zauna kana haɗiye takaici, domin ƙara tana da wa'adi. A Ingila shekara 1 ce kacal ga ɓata suna, sakaci kuwa shekara 6. Kowace ƙasa da nata, saboda haka wannan ce tambayar farko da za ka yi wa lauyanka.