Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya a Taron Karrama Baba Likita

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Kaduna, babban baƙonmu na yau. Wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara. Hakiminmu, ranka ya daɗe. Dagatai da masu unguwanni, limamai, ma'aikatan lafiya, iyayenmu mata da sauran jama'a.

A madadin ƙungiyar raya wannan gari da ƙauyukan da ke kewaye da shi, ina yi maka barka da zuwa ƙasar Zazzau. Mun san ayyuka sun yi maka yawa a Kaduna, amma ka baro su, ka ratsa birni, ka fito ta Ƙofar Gayan, ka biyo wannan hanya tamu da ka gani da idonka. Ba zan ce komai a kan hanyar ba tukuna. Sannu da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, mun taru ne saboda dattijon da ke zaune a damanka, wanda yara da manya ba su san shi da wani suna ba sai Baba Likita. Kwamitin taro ya ce in ba da tarihinsa a taƙaice. Na ce musu ai tarihin Baba ba daga kansa ya fara ba, sai an koma kan zabirar kakansa.

Kakan nasa shi ne Sarkin Aska na wannan yanki. Shi ke askin suna, shi ke shayi idan sanyi ya shigo, shi ke ƙaho, shi ke cire beli. Babu gidan da ake yi masa shamaki, domin wanzami yakan shiga inda baƙo ba ya shiga, ya ga abin da ba a faɗa a waje, ya kuma riƙe bakinsa. Wannan amana ita ce jarin gidan, ita kuma suka yi ta miƙa wa juna har ta iso hannun Baba.

Mahaifinsa da aska ya tashi a hannu, sai dai zamani ya juya da shi. Lokacin da ake neman yara a makarantar boko, kowa na ɓoye nasa a rumbu, dagaci ya miƙa ɗan wanzami don a cika lissafi. Da ya iya karatu da rubutu aka ɗauke shi aikin yaƙi da ciwon barci, wanda ya addabi arewa maso gabashin Zazzau a shekarun 1930 da 1940. Matasanmu ba su san wannan ciwo ba, alhamdu lillahi. Ƙudan tsando ke kawo shi, shi kuwa a duhuwar bakin rafi yake zama, daidai inda mata ke ɗibar ruwa. Saboda haka aka shiga sare duhuwar rafuka a ƙasar Anchau, aka haƙa rijiyoyi, aka tashi mutane daga tsofaffin matsugunai, har aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Aikin mahaifin Baba shi ne ya jera mutanen gari a layi, yana laluba wuyan kowa yana neman kaluluwa. Tsofaffi sun ce idan Bature ya miƙa hannu mutane sukan ja baya, amma idan ɗan Sarkin Aska ne sai su miƙa wuya, don hannun gidansu ya saba taɓa kawunansu tun ranar suna. Da aikin ya lafa aka mayar da shi ɗakin shan magani na wannan gari, ɗaki ɗaya da rumfa, nan inda masallacin asibiti yake yanzu.

Mahaifiyarsa kuwa ungozoma ce. Da yawa cikin masu furfurar da ke kan kujerun gaba a hannunta suka faɗo, ko da ba za su so in nuna su ba.

Zariya ba baƙuwar likitoci ba ce. A Wusasa aka haifi Dokta Barau Dikko a 1912, likitan farko da Arewa ta samu, wanda ya yi karatu a Ingila, ga asibitin koyarwa na Kaduna yana ɗauke da sunansa. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, haifaffen Anchau, shi ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, a zamaninsa ne kuma aka buɗe tsangayar koyon aikin likita a 1967. Nan Baba ya yi karatu, ya koyi duba marasa lafiya a tsohon asibitin Tudun Wada, tun kafin a koma Shika a 2005. Abokan karatunsa sun zama farfesoshi, wasu suna Ingila, wasu Saudiyya. Ba laifi suka yi ba. Shi dai da ya gama bautar ƙasa ya ɗan taɓa aiki a birni, sai ya nemi a turo shi gida, dangi suna ta cewa an yi masa asiri.

In an ce in zaɓi abu guda cikin aikinsa, zan zaɓi maganar masu jego. Likitocin jami'a sun lura tun shekarun 1970 cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Zazzau fiye da kima. Mace ta haihu lafiya, bayan 'yan makonni ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara, a ce iska ce ko sammu. Bincikensu ya nuna hannun al'adunmu a ciki: kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego, ga wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, ga kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. An rubuta wannan da Turanci, likitocin duniya sun karanta. Amma wa zai shiga ɗakin mai jego ya faɗa wa uwar miji? Baba bai ce a daina wanka ba, don ya san ba mai saurarensa. Mahaifiyarsa ya fara shawo kai, ita ta tara ungozomomi a tsakar gidanta. Aka daidaita a kan a sirka ruwa, a rage kanwa a kunu, wadda ƙafarta ta kumbura kuma a kawo ta a ranar. Haka ya yi da wanzamai, 'yan uwansa na jini: kowane yaro da sabuwar rezarsa, jaririn da aka ce belinsa ya sauko a fara nuna wa likita. Ban ce kowa ya bi ba. Amma tambayi matan nan, za su gaya maka bambancin da da yanzu.

Sauran kuwa kowa ya sani. Sanƙarau na 1996, da aka shimfiɗa marasa lafiya a ƙarƙashin bishiyoyin mangwaron can. Saran maciji lokacin noma. Tsohon babur ɗinsa da ake jin ƙararsa tsakar dare a san wata na naƙuda. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo tiyar masara, wanda ba shi da masara ya kawo godiya. Ya ga bayan kurkunu, da aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013, ya kuma ga ranar da aka ce shan inna ta ƙare a 2020, bayan shekarun da ya yi yana bi gida-gida yana lallashin magidanta.

Gidan bai yanke ba. 'Yarsa ta biyu ita ce ungozomar asibitin nan, da takardar shaidarta, jikansa kuma yana karatun likita a Shika.

To, ranka ya daɗe, ga kokenmu. Baba ya tsufa, idonsa ya fara rauni, ya daɗe da yin ritaya a takarda, amma har gobe shi ake bugawa ƙofa. Muna roƙon a turo mana likita matashi tun Baba na da ƙarfin zagayawa da shi gidaje yana gabatar da shi, don mutanenmu ba sa sakin jiki da wanda ba a haɗa su da shi ba. Ƙungiya ta riga ta ba da fili, mun kuma buga bulo, saura a taimaka mana da rufi, saboda ba likitan da zai zauna inda babu wurin ajiye iyali. Muna roƙon firji mai aiki da hasken rana don ajiye allurar rigakafi da maganin dafin maciji. Sai hanyar da na ce zan dawo kanta. Ka biyo ta da rani ne. Idan ruwan Agusta ya sauka, kwalbatin da ka tsallaka yakan nutse, mai naƙuda sai an ɗauko ta a kan amalanke zuwa bakin titi. Mun san hanya ba ta ƙarƙashin ma'aikatarka, amma kai ke zama a majalisar zartarwa, muna roƙon ka isar mana.

Mun rubuta waɗannan buƙatu, sakataren ƙungiya zai miƙa maka takardar. Bayan jawabinka, Baba da kansa zai zagaya da kai ɗakin haihuwa da ɗakin magani, sannan iyayenmu mata sun dama fura, sun kuma ce ba za a tashi ba sai ka sha.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya mayar da babban baƙonmu gida lafiya. Ranka ya daɗe, bismillah.