Yadda Masaƙan Tenganan Ke Rina Zarensu

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka. Darasinmu na yau zai kai mu tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya, wani ƙauye da ake kira Tenganan, inda ake saƙa yadin geringsing. A yarensu "gering" cuta ce, "sing" kuma babu. Wato a imaninsu yadin kariya ne, shi ya sa ake ɗaura shi ranar aure da sauran bukukuwan al'ada.

Launi uku kacal suke amfani da su. Da yake mabiya addinin Hindu ne, kowane launi na ɗaya daga cikin allolinsu ne: ja na Brahma, baƙi na Wisnu, fari na Siwa. Haɗin ukun suna ce masa tri datu, har za ka ga mutum da zaren a murɗe a wuyan hannu.

To, ga yadda aikin yake. Da farko a jiƙa zaren auduga cikin ruwan toka da man wani ƙwallo mai suna kemiri, ya yi kamar kwana 42. Zai fito da ɗan rawaya-rawaya, shi ne farin nasu. Kada ku raina wannan matakin, don in babu man, ja ba zai kama zaren ba.

Sai ɗauri. Duk inda ba a so rini ya shiga, a ɗaure shi tamau, zaren tsaye da na kwance duka, tun kafin a kai masaƙa.

Daga nan sai baba. E, babanmu dai da kuka sani na marinar Ƙofar Mata, dangi ɗaya ne. Zare ya fito daga ruwa kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Bisa al'ada ba sa wannan rinin a Tenganan, ƙauyen Bugbug ake kaiwa.

Ja kuwa, nan haƙuri yake ƙarewa. Ɓawon saiwar bishiyar mengkudu ake dakawa, a tsoma, a shanya, a ajiye watanni, a sake tsomawa. Shi ke sa yadi ɗaya ya ci shekaru.

Wani zai ce, ina baƙin? Ai ba su da rinin baƙi. Inda baba ya riga ya kama, aka hau shi da ja sau da yawa, shi ne yake rinewa ya yi baƙi.