Ba a yanke masa hukunci ba, to me yaro yake yi a tsare?

An kama yaro ɗan shekara 15 bisa zargin sata. Alƙali bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba, amma ga shi a kulle. Wannan shi ake kira zaman jiran shari'a, kuma ga yara da dama a duniya, jiran ne ke zama hukuncin.

Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 37, ta ce kada a tsare yaro sai an rasa yadda za a yi, kuma na ɗan gajeren lokaci, sannan kada a haɗa shi da manya. A 2019 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya ƙara fayyacewa: a kai yaro gaban hukuma cikin awa 24, a gurfanar da shi a kotu kafin kwana 30, a kammala shari'ar cikin wata shida.

A takarda ke nan. Binciken da masanin haƙƙin ɗan Adam Manfred Nowak ya jagoranta wa Majalisar a 2019 ya ƙiyasta cewa aƙalla yara 410,000 ne ake tsarewa a gidajen yari da wuraren jiran shari'a kowace shekara, ban da kusan miliyan ɗaya da ke shiga hannun 'yan sanda.

To me ke riƙe su? Sau da yawa ba girman laifi ba ne. Beli ne aka sa, iyaye ba su da shi. Ko babu lauya. Ko a zo kotu a ce fayil bai iso ba, ko mai gabatar da ƙara bai shirya ba, a ɗage zaman, a sake ɗagewa. Babba zai iya cewa wata shida ne kawai. A wajen yaro, wata shida ajin makaranta ne ya wuce shi, abokansa kuma yanzu su ne waɗanda ya tarar a ciki.

Kada ku ɗauka sai ƙasashe matalauta. A Amurka, a 2010, an kama Kalief Browder yana ɗan shekara 16 kan zargin satar jakar goyo. An sa belinsa dala 3,000, danginsa suka kasa biya. Ya shafe shekara uku a kurkukun Rikers da ke New York, kusan biyu daga ciki shi kaɗai a ɗaki. An nemi ya amsa laifi a sake shi, ya ƙi. A 2013 aka janye ƙarar ba tare da an yi shari'a ba. Shekara biyu bayan fitowarsa ya kashe kansa.

Abin takaicin shi ne akwai mafita, kuma ba mai tsada ba ce: a miƙa yaro ga iyayensa ko wani amintacce, jami'in jin daɗin jama'a ya riƙa sa ido, ko a sasanta da wanda aka yi wa laifi tun magana ba ta kai kotu ba.

Sai matsalar shekaru. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, a kan dube shi da ido a ce ai wannan ya girma, a tura shi cikin manya. Ƙa'idar kwamitin a nan a fili take: idan aka kasa tabbatar da shekarunsa, a ɗauke shi a matsayin yaro.